Doguwar Kwalba a Gidan Suna

Shekarata ta farko a Greensboro ta Amurka, wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa jami'a ya ɓata min suna da kalmomi biyu. Kowa Malam yake ce masa. A wata liyafa gidan farfesanmu a Summerfield, ya miƙo min kofi da wani ruwa fari-fari a ciki, ya ce, "Ruwan inabi ne, sha abinki."

Ni a sanina ruwan inabi shi ne na kwali da muke buɗa baki da shi. Na kurɓa. Tsami da ɗaci suka daki maƙogwarona, shi kuma ya kwashe da dariya. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya cika masallaci wai na sha giya. Iyayen da ke kawo min 'ya'yansu karatun Asabar suka janye su ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka, na kuma riƙe shi a zuciya.

Na samu aiki a wani katafaren kanti kan titin Wendover. Layin kwalaben giya ba sashena ba ne, amma kullum sai na ratsa ta nan ina karanta bayansu kamar mai shirin jarrabawa. Chardonnay na California mai faɗin kafaɗa, Pinot Gris na Oregon, Scuppernong na jihar nan mai zaƙi. Sai Riesling na bakin tafkunan New York, kwalbarsa doguwa, siririya, ba kafaɗa. Ban ƙara ɗanɗana ko ɗigo ba, amma daga nesa nake gane su.

Bayan shekara huɗu aka yi suna a gidan Malam. Wata Hajiya ta buɗe firijin gareji neman lemo, ta fito falo da doguwar kwalba an ɓare takardarta.

"Malam, wannan fa?"

"Ruwan inabi ne kawai, Hajiya," in ji shi, yana miƙa hannu zai karɓe.

Wallahi kallo ɗaya na yi wa kwalbar na gane ta Riesling ce. Na riga shi karɓa, na murɗe murfin, na cika kofi, na nufi surukinsa, dattijon da ke jan mu sallah. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ga ruwan inabi, in ji Malam."

Ban taɓa nufin ya kai bakinsa ba, kuma na san ba zai kai ba. Malam ya tsallake faranti biyu ya doke kofin. Warin ya tashi daga dardumar falon.

Alhaji ya dube shi, ya ce, "Me ya sa ba zan sha ba?"

Na koma wurina na ƙara tuwo. Shekara huɗu rabon da abinci ya yi min daɗi haka.