Igiya Biyu a Hannun Riga

Wata Juma'a a daminar shekarar 1954, ina tsugune a tsakar gidanmu na Fagge ina zuba dafaffiyar gyaɗar talla a faranti, sai Kawu Bukar, yayan Inna, ya yi sallama da ƙunshi a hammata. Ya kwance shi a kan tabarma. Rigar soja ce, kakin ya koɗe, da igiya biyu ta kofur a hannu. Ya ce wani tsohon soja ne ya kawo ta, wai a gabansa aka binne Baba a dajin ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ina goye aka tafi da Baba yaƙi, har aka gama kuma ba a ce mana ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Shekara da shekaru Inna na zaune a tsakani, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Abu ɗaya ta riƙe: a hutunsa na ƙarshe igiyar rigarsa ta ɓalle, Inna ce ta mayar masa da ita da shuɗin zare ruɓi biyu, ta yi ƙulli a kowace kusurwa. Tunda ba ta fita, ni ce idonta. Sa'o'ina suna carafke a ƙofar gida, ni kuwa da na sayar da gyaɗa sai in miƙe Sabon Gari layin 'yan gwanjo, inda ake jibge kakin soja, in yi ta juya hannayen riguna. Wata Bayarabiya mai rumfa har suna ta sa mini: "Sufeto, yau ma ba ki kama ɓarawon ba?" Inna ta hore ni kada in kula da gaban riga, don kowa na iya gyara gaba. Baya ake dubawa. Keke yana jera ɗinki kamar haƙoran mataji, hannu kuwa sai ya yi tuntuɓe.

Ranar nan Inna ta goge hannu a zani, ta juya hannun rigar. Wallahi addu'a nake a zuci ta zama tasa. Yarinya tana roƙon Allah ya sa ubanta ya mutu don dai a huta. Nan abin ya kai mu. Farin zare ne, ɗinkin keke, sabo fil. Ta sa farce ta ɗaga gefen igiyar, ƙyallen da ke ƙarƙashi ya sha rana daidai da sauran rigar.

"Yaya, wane tela ne ya yi maka wannan?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Habiba, so nake ki yi kukanki ki gama. Ki karɓa mana, don Allah."

"Da zan iya, da na karɓa."

Ta naɗe rigar ta miƙa masa, ta ce in ɗauki faranti kada masallata su watse.

Inna ta rasu ba ta yi takaba ba, ba ta kuma daina tambayata me na gani a kasuwa ba. Yanzu jikana yana nuna mini a waya yadda masu tara tsofaffin kayan soja ke gardamar wace riga ce ta ainihi, amma duk gabanta suke ɗauka a hoto. Nakan ce ya nemo mini wadda aka juya, alhali idona ya daina ganin zare. Ban san fuskar Baba ba, bayan hannun rigarsa kawai na sani.