Kiɗan Matar Dillali

Rubuta yadda na faɗa, 'yata, kada ki gyara mini. In kuka ya zo, ki jira ni.

Shekaranjiya wani Fada na coci ya aiko da takarda da kaset. Baturen nan mai goge ya rasu a ƙasarsu, 'yarsa ce ta aiko mana ta hannun Fadan. Tun da kika sa mini kaset ɗin ban san inda kaina yake ba.

Ya zo Yerwa tun jirgin ƙasa bai iso ba, cikin masu haƙa rijiyar burtsatse. Lokacin muna unguwar Bulabulin, mahaifinki yana dillancin dawakai. Baturen ya shiga kasuwa, ba doki yake so ba, gashin wutsiyar farin ingarma yake nema, wai izgar gogensa ta tsinke. Dillalai suka yi ta dariya. Mahaifinki bai yi ba, don shi ma yana da kukuma a ƙarƙashin gado, yana ɓoyon ta saboda mutuncin gidansu.

Daga nan duk Lahadi bayan la'asar sai ga shi a zaurenmu. "Wushe", wato sannu, kaɗai ya iya da Kanuri, Hausarsa kuwa sai an yi haƙuri. In an ce masa ɗan Ingila sai kunnuwansa su yi ja, ya ce shi ɗan ƙasar Ailan ne. Ni ina bayan zana ina tankaɗe, ina leƙen su. Yakan maƙale gogen a ƙarƙashin haɓa, ya rufe ido, ƙafarsa tana dukan ƙasa. Ba kirari, ba ya wasa kowa.

Na ce wa mahaifinki, "Malam, to wa yake yi wa?"

Ya ce, "Ke dai yi tankaɗenki. Ni ma na tambaya, ya ce haka kakansa yake yi a bakin murhu."

"Bature da gadon roƙo?"

"Rufa mana asiri, yana jin Hausa in ta zagi ce."

Akwai wani kiɗa gajere, yana hawa sau biyu ya sauko a hankali. Bayan Baturen ya koma gida, duk ranar da muka saɓa, mahaifinki yakan zauna a bakin ƙofar ɗakina ya yi shi da kukuma har in huce. Na taɓa tambayarsa ko na abokinsa ne. Ya ce, "Wane shi! Ni na yi miki shi, ranar da kika haihu." Bai taɓa yi mini wata magana mai daɗi irin wannan ba, kin san halinsa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kukumar ta fashe, kiɗan nan ne ya rage mini.

To ga shi a kaset ɗin Bature, bai canza ko kaɗan ba. Takardar kuma kin karanta mini: wai a ƙasarsu kiɗa yana cin sunan wanda aka ji shi a bakinsa, shi ya sa Baturen ya sa masa suna kiɗan matar dillali. Wai a bakina ya ji, ina gunguninsa a bayan zana.

Ni? Ban tuna ba. In ma na yi, a ina na samo? Wataƙila mahaifinki ya riga ya yi mini shi. Amma wace haihuwar yake nufi? Na tuna Baturen ya ɗauki jariri a zaure, jaririn ya kama masa gemu. In yayanki ne da ya rasu, to Malam ya faɗi gaskiya. In kuwa haihuwarki yake nufi, ke bayan tafiyar Baturen kika zo. Ko ɗan maƙwabta ne ya kama gemun? Duk waɗanda zan tambaya suna ƙasa, na ƙarshen shi ne Baturen nan.

Ki ba 'yarsa amsa. Ki ce mun ji, Allah ya ba su haƙuri, mutumin kirki ne. Sunan kiɗan ta bar shi yadda ubanta ya sa. Amma ki ƙara mata cewa matar dillalin ta ce a wurin mijinta ta ji. In ba haka aka yi ba, Allah ya yafe mini, haka nake so a ajiye.

Kin rubuta? To mayar da kaset ɗin baya.