Hannun Dama da Buhun Agushi

Har yau in na ji ƙanshin miyar agushi, sai yatsuna uku na dama su fara tsami. Matata ta ɗauka iya shege ne. Ba shi ba ne, bari ka ji.

Ina yaro, a gidanmu na Akurba, injin gurzar rogo ya kama mini hannun dama. Aka kai ni asibiti, likita ya haɗa jijiyoyin da suka tsinke, ya ɗinke, aka naɗe hannun ya koma kamar doya. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, kuma in an kwana biyu in riƙa ɗan motsa yatsun.

To, a gidanmu ba a ci da hagu. Kakata ta ce gara ta mutu da ta ga jikanta ya kai hagu cikin kwano, sai ta ɗauki aikin ba ni a baki. Motsa yatsu kuwa ta hana, wai likita ba shi da tausayi. Ni ma ban yi mata gardama ba.

Damina ce, yayyena suna duƙe a gonar doya, ni ina kan tabarma, hannu rataye a ɗankwalin kakata, wanka ma an yafe mini. "Maigidana, buɗe baki," in ji ta, sai ka ga tsoka ta biyo loma. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba, har yanzu kuwa ban sake ba.

Ranar cire zare ita ta raka ni. Nas ɗin wata ƙatuwar mata ce, 'yar ƙabilar Eggon, da almakashi da abu kamar matsefata. Tun ba ta taɓa ni ba na fara ihu. Ta ce in ajiye kukan, ba a fara ba. Ashe cizon cinnaka ma ya fi shi zafi: ta datse, ta zare, shi ke nan. Sai ta ce in dunƙule hannu.

Na gwada. Yatsun suka tsaya ƙiƙam kamar na wani. Wannan karon ba wasa nake ba.

Nas ta juya kan Kaka. "Mama, ke ne kin lalata yaron nan. In bai yi aiki da yatsa ba, haka zai tsufa."

Kaka ta tambayi wane irin aiki. Aka ce ƙarami, irin na tsinta da ɓarewa. Ta gyaɗa kai, ta ja ni muka koma gida.

Muna shiga ta jawo buhun agushi ta dire gabana. "Maigidana, ni ba na zama da miji malalaci." Da aka sauke tuwo ta ajiye mini kwano ta zauna gefen haguna da muciya. Na ɓare buhun nan ina kuka. Maƙwabta suka ji labarin ana magani, su ma suka kawo nasu, wai taimako. Kafin lokacin girbi yatsun sun lanƙwashe.

Da hannun nan nake riƙe sifana a gareji, da shi na ciyar da iyali. Bara ɗana ya yanke a hannu, aka yi masa ɗinki, aka ba shi wata ƙwallon roba wai ya riƙa matsawa yana kallon waya. Na je kasuwa neman agushi mai ɓawo, aka ce yanzu inji ke ɓarewa. Kaka kuma, Allah ya jiƙanta, ba ta nan balle ta zauna masa da muciya.