Kalmar Sirrin Goggo

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta ofishinmu na Karaye, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni kaɗai na taɓa zama gaban irinta, don na yi kwas na wata shida a Kano. Ganin haka shugabanmu ya ɗora mini koya wa sauran ma'aikata huɗu. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa duk wanda wata ya ƙare bai iya buga wasiƙa a kanta ba, za a kawo wani daga birni ya gaji kujerarsa. Bai kira suna ba, amma kowa ya san da Goggo yake.

Goggo ita ce mai buga mana tafireta, Bafulatana ce daga Jajaye ta ƙasar Rogo, kuma tun ina firamare take wannan aiki. Tana bugu tana hira, idonta na kan takarda, ba ta duban yatsunta, kuma da wuya ka tsinci kuskure a shafinta. Ita ta koya mini yadda ake tsara wasiƙar ofis da na zo sabo. Na yi wa kaina alkawari, in dai ina wurin, ba wanda zai zauna a kujerarta.

Matsalar farko ita ce shiga. Injiniyan da ya haɗa kwamfutar ya buɗe wa kowa gurbinsa, ya bar mana kalmomin sirri a takarda, dogaye, haruffa cakuɗe da lambobi, ba kai ba gindi. Akawunmu ya kwafe tasa da biro a tafin hannu, ya je alwala ta wanke. Wani ya manna tasa a jikin bango. Kafin mutum ya lalubo haruffan nan, rabin man janareta ya tafi. Na ce wannan ba za ta yiwu ba. Na soke su duka, na yanke shawarar ba kowa gajeriyar kalma ta wucin gadi, wadda zai riƙe mako guda, in hannunsa ya faɗa ya sauya da tasa.

A kwas an ce mana a zaɓi abin da mutum ba zai manta ba. Na ɗauko fayil ɗin kowa, na duba sunan ɗansa na fari, na sa masa. Har yaba wa kaina na yi da wannan dabara. Ranar Litinin na riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi kalmar, in ce a maimaita mini, sannan in tsaya a kan mutum ina kiran haruffa yana dannawa. Mazan suka ɗan yi murmushi, suka sunkuyar da kai, suka buga. Da aka zo kan Goggo na faɗi sunan, sai ta gyara mayafinta ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta ɗora yatsu a kan madannai, can ta ce kanta ke ciwo, ta koma wajen tafiretarta.

Haka muka yi har Alhamis. Yau ta ce ta manta tabarau, gobe ta ce ta manta kalmar. Ni kuwa ina da saurin fushi, ban iya ɓoye shi ba. Na ce mata matar da ta haddace adireshin ofisoshi fiye da talatin ba za ta ce mini haruffa shida sun gagare ta ba, in so take a kore ta to ta faɗa mini in huta. Ta zura takarda a tafireta ta ci gaba da bugu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don gani nake ina ta jan mutum daga rijiya yana sakin igiya.

Ranar Asabar na je Kwanyawa gaida mahaifiyata. Tana tsince wake a faifai ina zuba mata ƙorafi, har ta tambaye ni wace kalma ce wannan da ta gagari mace mai ilimi. Na faɗa mata. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Kai, tun da aka haife ka, ka taɓa jin na kira sunan yayanka?"

Ban taɓa ji ba. Kullum "wancan" take cewa, ko "babbanku". Na san kunyar ɗan fari sarai, a cikinta na tashi, amma wata shida a Kano sun sa na ɗauka abin ya tsaya a ƙofar ofis. Na ce ai ba faɗa za ta yi ba, bugawa ce. Mahaifiyata ta ce in ana tsaye a kanta ana kiran haruffan ɗaya ɗaya a gaban maza, wane bambanci ya rage. Kunya ta rufe ni.

Litinin da sassafe na riga kowa zuwa. Na sauya kalmomin duka, har na mazan, na sa abin da ke gaban kowa kullum: gero, dawa, wake, rogo. Na rubuta wa kowa tasa a 'yar takarda na ninke, ba kira, ba maimaitawa. Da Goggo ta iso na gaida ta har ƙasa, na tambayi mutanen gida da shanu, na ba ta haƙuri, ban faɗi laifin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta buɗe takardarta ta ga gero, ta yi dariya ta ce ashe injin ma ya san abinci. Bugu ɗaya ta shiga.

Sai ta ɗaga kai ta dubi gilashin kwamfutar, abin da ba ta saba ba, ta tambaye ni me ya sa ta buga gero amma taurari huɗu suka fito. Na ce haka aka yi shi, ba ya nuna kalmar kowa. Ta ce ko ni da na iya? Na ce ko ni, ko shugaba, ko injiniyan Kano. Ta jinjina kai.

Daga nan aiki ya kankama. Kwana goma sha biyu suka rage mana, na hana kaina hutun rana, ita ma ta hana kanta. Ta sha wahala da linzamin nan da ake ja da hannu, kuma tana dukan madannai kamar tana fushi da su, amma yatsun nan na shekara ashirin ba su ba ta kunya ba. Ranar gwaji shugaba ya miƙa mata wasiƙa mai shafi biyu yana duban agogo. Ta gama kafin ya shanye shayinsa. Ya karanta sau biyu yana neman kuskure, ya ninke ya ce ta ci gaba da aikinta.

Saura abu guda, kowa ya sauya kalmar wucin gadi da tasa ta dindindin. Na kafa doka cewa zan juya baya in mutum zai buga, kuma kada wanda ya gaya mini. Da Goggo ta zauna na fuskanci taga. Na ji dannawa a hankali, ba irin bugunta na kullum ba, ɗaya bayan ɗaya, ta sake maimaitawa kamar yadda injin ya nema. Ta ce in juyo. Ba da niyya ba idona ya faɗa kan gilashin kafin ta danna shiga, na ga taurari shida.

Ta ga na gani. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Ɗan nan, ka ce ba mai gani ko?"

"Ba mai gani, Goggo."

"To shi ke nan. Shekararsa ashirin da bakwai, ban taɓa rubuta shi ba sai yau."

Ta yi shekara tara tana buɗe kwamfutar nan kowace safiya kafin ta yi ritaya. Na sha tuna wa ma'aikata su riƙa sauya kalmarsu, amma ita ban taɓa ce mata ta sauya ba.