Yadda Albashi Ya Cinye Mini Gamana

Ni fa noma na so in karanta. Ina faɗar wannan tun farko domin har yau akwai masu cewa a ƙauyenmu wai lakol, wato makarantar boko, ce ta sa na raina hauya. Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai karanta, ilmin noma na rubuta a takarda da hannuna, na naɗe ta na sa a aljihu, na shiga mota daga Maraɗi zuwa Agiye, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida.

Na tarar da rumbunmu wayam, ga shi ko shuka ba a yi ba. Inna tana kwaɗa ganyen tafasa da ɗan garin rogo, shi ne abincin gidan gaba ɗaya. Na gaya wa Baba abin da na zaɓa. Babban yayana ne ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Noma? Shekara da shekaru kana zaune bisa benci muna cikin rana, don ka dawo ka koya muna noma? Mi ka sani wanda ba mu sani ba?"

Na so in ba shi amsa, amma idona yana kan kwanon nan na tafasa. Gaskiya ba wanda ya tilasta mini. Ni da kaina na yaga takardar, na karanta aikin lantarki, saboda na ji kamfanonin haƙar ma'adinai na can arewa suna biya da kyau. Allah ya taimake ni na samu aiki a ɗaya daga cikinsu. Ba na son aikin, ban taɓa son sa ba, amma tun daga watan farko gidanmu bai sake kwana da tafasa ita kaɗai ba.

A wajenmu gona iri biyu ce. Akwai gandu, babbar gonar gida da kowa ke yi wa aiki a ƙarƙashin uba, a ci daga rumbu ɗaya. Sai gamana, ɗan yankin da uba ke yankar wa ɗansa idan ya yi aure, ya noma abinsa shi da iyalinsa. Da na yi aure, Baba ya kai ni gefen gabas na gandun, ya taka da ƙafa, ya dasa gamba a kan iyaka ya ce tawa ce. Ba wata babba ba ce, ƙasar ma ta gaji, duk rairayi. Amma ranar na yi farin cikin da ban yi ba ranar da aka ɗauke ni aiki.

Ni da matata muna arewa, don haka ƴan'uwana ke shuka ta, ni kuma in aiko da taki da iri. Abu ɗaya na hana: kada a tumɓuke mini tohon itatuwa wajen sassabe. Duk shekara nakan daidaita hutuna da gabanin damina, in zo da adda, in bi kututturan gawo da kalgo da sabara ɗaya bayan ɗaya, in rage rassa, in bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. Yayana yakan tsaya daga nesa yana cewa ga injiniya can yana yi wa daji aski. Ban kula shi ba. A hankali itatuwan suka yi tsawo, iska ta daina binne shuka, geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina kai. A can wurin aiki, idan zafi da ƙarar injuna suka ishe ni, wannan ɗan filin nake tunawa in ce wata rana zan ajiye musu kayansu in koma.

A gida kuwa na zama wani abu dabam. Waya ba ta ringin don a tambayi lafiyata kawai. Saniyar amalanke ta mutu, a kira ni. Rufin ɗakin goggo ya zube, a kira ni. Har wani kawu da ya tafi sayayya Gazawa babur ɗinsa ya lalace a hanya, ni ya kira, ina nisan tafiyar kwana biyu, ya tsallake ƴaƴansa da ke kusa da shi. Ina yi, domin don haka na zaɓi aikin. Abin da ke ba ni haushi shi ne idan na zo hutu sai a mai da ni baƙo. Ina marmarin tuwon gero da miyar kuka, a dafa mini makaroni. Na ɗauki hauya, a karɓe, wai kada hannuna ya yi kanta.

Sai auren ƙanena, autan maza, ya taso. Ni na ɗauki nauyin komai, amma ban samu hutu na halarta ba. Bayan ƴan watanni na zo. Da safe na ɗauki addata na nufi gamana, na tarar da ƙanen nawa a ciki yana sare reshen kalgo, sara na ganganci, ta inda ba a yi. Ya ɗago yana murmushi.

"Yaya, sannu da zuwa. Ka zo ganin gonar tawa?"

Na ce gonar wa? Ya ce ai Baba ya ba shi tun satin biki, shi ya zaci na sani. Kowa a gidan ya sani, har matan, ba wanda ya ga ya dace a gaya mini a cikin duk kiran nan da ake yi.

Na samu Baba a rumfar ƙofar gida yana tufka igiya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, gamanata hwa?"

"Zamna tukuna," in ji shi. Ban zauna ba. Ya ci gaba da tufkarsa. "Yaron ga ya yi aure. Wanda ya yi aure ana yankar mashi gamana, haka munka iske. Gandu kuwa in an ƙara yanka shi, ba sauran abin da za shi shiga rumbu. Na duba ɗiyana duka, na ce wane na in an amshe tashi ba za ya kwana da yunwa ba? Kai ɗai na."

"To ni da na yi mashi auren, ashe da hannuna na kori kaina daga gona?"

"Kai mai albashi na. Mi za ka yi da rairai?"

Nan raina ya ƙarasa ɓaci. Na ce shekarun nan duka itatuwan da na raina fa? Na ce ban taɓa roƙon komai a gidan nan ba sai wannan ɗan filin. Na ce to shi ke nan, tunda sai wanda ba shi da albashi ake ba gona, zan koma in ajiye aikin, in dawo in zauna kamar kowa, sai a yanka mini tawa.

Baba ya saki igiyar. Na sha ganin sa cikin fushi, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Kada ka yi muna haka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Gandun ga, ko damana ta yi kyau, rabin shekara ba ya kai mu. Sauran watannin kai ka ɗauke da mu. In ka dawo, mu duka munka shiga ukku, har da kai."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai. Da ni malalaci ne, da yanzu ina da gona.

Ranar komawa ƙanen nawa ya rako ni tashar Agiye da rabin buhun gero a amalanke. Ya ce na gamanar ne, tsaraba ce ya ba ni in kai wa iyali. Geron gonata, a ƙarƙashin gawona, aka ba ni tsaraba, har ana jira in yi godiya. Na yi. Mota tana lodi ya matso yana sosa ƙeya, ya ce shi fa bai iya gyaran itatuwan nan ba, yana tsoron kada ya kashe su, sannan kuma ga maganar takin bana.

Kamar in rufe shi da faɗa a gaban mutane. Sai na tuna yadda na ga yana sarar kalgon nan. Na ja shi gindin wata bishiya a bakin tasha, na nuna masa inda ake ɗora adda, daga ƙasa zuwa sama, kada reshe ya tsage ya ɓare jikin itacen. Na sa ya maimaita har sau uku, direba yana ta danna mini oda.

Har yau ban huce ba, kuma ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a garin da aka haife ni. Takin gamanar kuwa, duk shekara ni ke aikawa.