Akwatin Hajiya Dudu

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina mataimakin mai kula da ɗakin karatu a wata cibiyar bincike a nan Garwa. Mun shekara biyu muna ɗaukar hoton tsofaffin takardun ajami na gidajen fatake. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki hoto, a ba shi lamba, a mayar wa mai takarda abinsa. Wata ƙungiya daga waje kuma ta ɗora hotunan a intanet, kowa ya karanta kyauta.

Da safen nan Hajiya Dudu ta unguwar Pumpumre ta shigo. Ruwan sama ya karya rufin ɗakinta, ya jiƙe akwatin takardun kakanta har tawada ta narke.

"Ɗana, kun ce kuna da hotonsu. A fitar mini."

Na ce, "Yanzu kuwa, Hajiya." Na buɗe kwamfuta, sai na tarar babu shafin a intanet. Ashe wa'adin ƙungiyar ya cika, sun rufe, ba su gaya wa kowa ba. Na'urar da muka ajiye namu kwafin kuwa tuni wutar lantarki ta ƙone ta, ina ta cewa gobe zan sake saukewa.

Shugabarmu, Madam Marta, ta zare tabarau. "Musye Sani, sau nawa na ce a ajiye kwafi biyu?"

Ita ce dai ta ce in nemi waɗanda suka taɓa rubuto mana godiya bayan sun karanta takardun a intanet, ko wani ya ajiye kwafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin makaranta a Mora ya sauke wasiƙun kakan Hajiya duka a wayarsa. Wani limami a Rai Buba ya buga waƙoƙin a takarda, har ya ɗinke su. Littafin magunguna kuma wajen wani fasto muka same shi. Kafin wata ya ƙare mun haɗa kusan komai.

Da muka buga mata su a takarda, Hajiya ta zauna tana shafa rubutun kakanta, tana cewa "usoko", wato na gode cikin Fulatanci. Can ta zaro shafi guda daga littafin magungunan ta miƙo mini. "Wannan naka ne. Maganin mantuwa." Madam ta yi dariya har da hawaye.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku buɗe wa mutane ƙofa, don su suka cece ni. Amma kafin ku buɗe, ku tambaya: wa zai riƙe kayan bayan baƙin waje sun tafi?