Wa Zai Dafa wa Inna Kuku?

Shekara ashirin da tara Inna Kuku ta yi tana dafa wa marasa lafiya abinci a kicin ɗin asibiti, kuma a duk tsawon shekarun nan da ƙyar ta ga fuskar mutum goma cikin waɗanda ta ciyar. Kicin ɗin yana can bayan gini, tsakanin ɗakin wanki da rumfar janareta. Kullum da safe sai a kawo mata takarda daga ɗakunan majinyata: gado na huɗu ban da gishiri, gado na tara ban da sukari, gado na sha ɗaya ruwa-ruwa kawai don jiya aka yi masa aiki. Ta dafa, a jera a keken abinci a tura, ita kuma ta zauna jiran dawowar kwanuka.

A kwanukan nan take jin labarin asibiti kaf. Idan kwanon gado na huɗu ya dawo an suɗe shi tas, sai ta ce da abokan aikinta, “Wannan jibi za a sallame shi, ku sa ido.” Kuma a sallame shin. Idan kwano ya dawo kwana biyu a jere ba a ko ɗaga murfinsa ba, ranar sai ta wuni tana faɗa da masu wanke-wanke a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Likitoci suna da na'urorinsu, ita tana da ragowar abinci, kuma ba ta taɓa yarda sun fi ta sani ba.

Da lokacin ritaya ya yi, aka ba ta agogon bango da takardar yabo, ta tattara ta koma ɗakinta a hawa na biyu na wani dogon gidan haya. Ciki da falo ne, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa sai sun gogi juna. Mijinta ya rasu tun ɗansu yana firamare. Ɗan ya girma, aiki ya kai shi gari mai nisa, yana kiranta a waya duk ƙarshen mako ya tambaye ta ya ƙafa, ta ce da sauƙi, ya tambaye ta akwai abin da take buƙata, ta ce babu. Watan farko ta yi ta tashi da asuba tana neman takardar da ba wanda zai kawo.

Bangon gidan ne ya cece ta, don bango ne irin wanda idan maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar a kafaɗarka ya yi. Ta fara sauraron tari. Ta san na tela, wanda ƙurar yadi ke sa shi, wannan ba ta kula shi. Ta san na malamar makaranta da ke tasowa duk farkon damina. Da zarar ta ji tarin da ya sauka ƙirji, ko ta ga labulen wani ɗaki bai ɗaga ba har hantsi, sai ta ɗauki jakarta ta nufi kasuwa ba tare da ta tambayi kowa ba.

Romon kaza take yi, amma kada ka ce mata romo ai romo ne. Tsohuwar kaza take saya, da wuya da ƙafafu. Wuta ƙasa-ƙasa awa uku, tana tsaye a kai tana kwashe kumfa da maiƙo har ruwan ya yi garau. Albasa guda ba a yanka ba, citta kamar kan ɗan yatsa, karas, dankali biyu, gishiri sai a ƙarshe, shi ma ɗan barbaɗe. Wanda cikinsa ya ɓaci, shinkafa take dafa masa har ta yi luguf. Mai mura kuwa shayi ne da lemun tsami da zuma kafin romon ya iso. A shekara shida babu ɗakin da kwanonta bai shiga ba a gidan nan, kuma yara da yawa sun yi ciwon ƙarya saboda ita.

Sai dai Inna Kuku tana da baki, kuma gara a faɗa tun yanzu. Da malamar makaranta ta warke ta kawo mata abinci don godiya, Inna ta ɗanɗana ta ce, “Wannan man fa, malama, abinci kika yi ko injin niƙa za ki gyara?” Matar tela ta gwada nata sa'ar, aka tambaye ta ko da shebur take zuba gishiri. A ganin Inna koyarwa take yi, kyauta ma, abin da wasu ke zuwa makaranta su koya. A ganin matan gidan kuwa, sun ɗauki darasi ɗaya ne tak: wannan baiwar Allah a gaishe ta, a gode mata, a mayar mata da kwanonta a wanke, amma kada a kuskura a kai mata abin da ya taɓa wuta.

Wata ranar Laraba ruwa ya dake ta a hanyar kasuwa. Washegari ta tashi kanta kamar an ɗora mata turmi, jiki na rawa, bakinta ɗaci. Ta yunƙura za ta kunna risho, ɗakin ya juya mata, ta lallaɓa ta koma gado.

Ba za a ce mutanen gidan sun yi watsi da ita ba, wannan zai zama ƙazafi. Kafin azahar labari ya zaga. Tela ya sauka ya kira mai kantin magani, aka auna ta aka ba ta ƙwayoyi, aka ce kada ta sha sai ta ci wani abu. Malamar makaranta ta kawo lemo, matar tela ta kawo ayaba, wani ya ajiye katan ɗin ruwa a bakin ƙofa. Kowa ya ce sannu Inna, Allah ya sawwaƙe, ya ɗan tsaya yana kallon agogon bango, ya fita. Teburinta ya cika kamar na mai talla, amma babu abu ɗaya mai tururi a kansa.

Rana ta biyu da yamma ta ji su a baranda, daidai tagarta, don sun ɗauka barci take yi.

“Ya kamata fa a ɗan dafa mata wani abu,” in ji malamar makaranta.

“To ki dafa mana,” in ji matar tela.

“Ni? Rufa min asiri. Ta tashi daga kan gadon ciwo ta koya min yankan albasa?”

“Ai ko a sume take sai ta ji gishirina. Ki bar ta, ita ta san abin da take ci. Wa zai dafa wa Inna Kuku?”

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, dariyar da babu mugunta a cikinta, takalmansu suka yi gaba. Inna ta juya ta fuskanci bango. Kira ɗaya za ta yi su dawo, ta sani. Amma bakin da ya shekara talatin da biyar yana cewa a rage wannan a ƙara wancan bai san yadda ake cewa a taimaka a dafa min ba. Kunya ta hana ta, girman kai ya taya kunyar.

Da ɗanta ya kira, muryarta ta tona ta.

“Inna, kin ci abinci kuwa?”

“Na ci.”

“Me kika ci?”

“Kai ɗan sanda ne? Na ce na ci.”

Bai yarda ba. Daga can inda yake ya yi waya wani gidan abinci, mai babur ya kawo mata abinci a robar da aka ɗaure da leda. Ta buɗe, mai ya yi ja a sama, yaji ya doki hancinta, ta mayar ta rufe. Washegari ya sake aikowa, wannan ko ledar ba ta kwance ba. Tana kwance tana kallon robobin nan biyu a gefen lemo, ta kuwa fi kowa sanin abin da ake nufi idan kwano ya kwana biyu ba a taɓa shi ba. A karon farko ta yi tunanin mutanen da ke kan gadajen nan. Ashe ba duka ne ciwo ya hana su ci ba. Wataƙila wasu jira suke wani nasu ya shigo da kwano a hannu, ya zauna a gefensu, sai keke ya zo ya ajiye ya wuce.

Ta lissafa rabon da wani ya dafa mata abu tana kwance, sai da ta koma shekara tara da haihuwa, lokacin da ta yi ƙyanda. Shinkafa ce mai ruwa, ta ma kama a ƙasa, mahaifiyarta na hura cokali tana cewa ƙara ɗaya. Tun daga nan ita ce mai tsayuwa a kan tukunya. Kaɗaici ya danne ta fiye da zazzaɓin, ta ja bargo ta rufe fuska kada a ji ta ta bango.

Rana ta huɗu da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar direba ce ta hawa na uku, yarinya mai sanyin hali da ba ta fi shekara a gidan ba. Ta shigo da sallama, riƙe da kwano mai murfi da hannu biyu.

Inna ta tashi zaune ba ta san lokacin da ta yi ba. Ta gyara ɗankwali. A ranta ta rantse ko yashi aka dafa a ciki ba za ta ce komai ba, shanyewa za ta yi ta sa albarka. Ta miƙa hannu ta karɓa, sai hannun ya yi sama da kwanon, don babu nauyin komai a cikinsa.

“Inna, jiya da yamma na dawo daga gidanmu, na tarar da maigidan a kwance,” in ji matar direba. “Ya ƙi cin komai, wai sai romonki. Na ma sayo kazar, tana waje a leda.” Sai a lokacin ta lura da ƙwayoyin magani da idanun da suka faɗa. Ta dafe ƙirji. “Wayyo Allah, Inna, ba ki da lafiya? Wallahi ban sani ba. Yi haƙuri, kawo kwanon in koma.”

Inna ta riƙe kwanon, ba ta mayar mata ba.

“Tun yaushe rabonsa da abinci?”

“Tun shekaranjiya.”

“Shigo da kazar. Ki ɗauko min kujerar nan ki sa a kicin.”

“Haba Inna, a haka?”

“'Yar nan, bakina ne kawai ke aiki yau, kada ki gajiyar da shi.”

A zaune ta yi girkin, ta jingina da bango, gumi na keto mata. Matar direba ta wanke, ta fere, ta miƙo abin da aka ce ta miƙo, amma ludayi bai bar hannun Inna ba. Sau biyu jiri ya ɗebe ta, ta runtse ido har ya wuce, ta ci gaba da kwashe kumfa. Ba ta iya ɗanɗanawa, harshenta ya mutu, da ido da hanci ta auna komai. Da aka kira azahar romo ya yi. Ta cika kwanon direba, ta nannaɗe shi da tawul. Matar ta durƙusa tana ta godiya, ta miƙe za ta tafi.

“Tsaya,” in ji Inna. Ta ɗauko wani ƙaramin kwano ta zuba ludayi biyu, ta rufe, ta miƙa mata. “Ajiye wancan tukuna. Riƙe wannan. Ki fita waje, ki ja ƙofar, ki ƙirga goma, sannan ki ƙwanƙwasa.”

Matar direba ta fara dariya, ta ɗauka zolaya ce. Da ta dubi fuskar tsohuwar sai ta gane da gaske take yi. Ta karɓi kwanon ta fita, ta ja ƙofa a hankali.

Inna ta bi bango ta koma gado, ta kwanta, ta ja bargo har ƙirji. Aka ƙwanƙwasa.

“Waye?”

“Ni ce, Inna.”

“Shigo.”

Ta shigo da sallama. Ta zauna a bakin gado ta ɗaga murfin, tururi ya tashi a tsakaninsu.

“Sannu Inna, ya jikin? Na ji an ce ba ki da lafiya. Ga ɗan romo na kawo miki, ki daure ki sha ko kaɗan ne.”

“Kai, 'yar nan,” in ji Inna Kuku, hawaye na bin gefen hancinta, “da ba ki wahalar da kanki ba.”

“Wace wahala, Inna? Buɗe bakin.”

Ta hura cokalin ta ba ta. Inna ta haɗiye na farko da ƙyar, na biyu ya wuce da sauƙi. A na uku ta ga idon yarinyar ya koma kan kwanon da ke nannaɗe a tebur, sai ta kamo gefen zanenta ta riƙe.

“Ki zauna har in gama,” ta ce. “Na mijinki ba zai huce ba, tawul ɗin mai kauri ne.”